Gorar ruwa ta zama riga, to rigar kuma me za ta zama?

Akwai wata 'yar takarda da ake rataya wa tufafi yanzu, yawanci koriya ce, da zanen ganye ko kibiyoyi uku suna bin juna, an rubuta wai wannan rigar da tsofaffin gorunan ruwa na roba aka yi ta, gora goma ko ashirin ko nawa ne dai. Mutum ya karanta sai ya ji zuciyarsa ta yi fari, ya ga ai ba riga kawai ya saya ba har taimakon duniya ya yi. Ni ma na daɗe ina jin haka wallahi. Sai da na zauna na bi diddigin abin, daga inda gorar take fitowa har inda rigar take ƙarewa, sannan na ga lissafin bai kai yadda ake tallata shi ba. Ba ƙarya aka rubuta a takardar ba fa, gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa, rabin da ya fi nauyi kuma aka yi shiru a kansa.

Shi polista ɗin nan, yadin da ake yin irin wannan rigar da shi, roba ne tsagwaronsa. Sinadarin da ake yin gorar ruwa da ta lemo da shi, wanda ake kira PET, shi ne dai ake narkawa a matso ta wasu ƙananan ramuka kamar na rariya ya fito zare-zare a saƙa yadi. Wasu Turawan Ingila biyu ne, Whinfield da Dickson, suka haɗa shi a Manchester a 1941, tushensa kuma ɗanyen mai da iskar gas. Ga araha, ga shi ba ya yamutsewa, ga saurin bushewa, ga riƙe launi, shi ya sa ya yi ta hawa har ya wuce auduga a farkon shekarun 2000, kuma yanzu fiye da rabin duk zaren da ake yi a duniya polista ne. Ƙungiyar Textile Exchange da ke bibiyar alƙaluman ta ce a 2023 an samar da kusan tan miliyan 71 nasa, kashi 57 cikin 100 na zaren duniya ke nan. Duba wuyan rigar da ke jikinka yanzu, da wuya ka rasa shi a ciki ko da gauraye ne.

To shi wanda aka sake sarrafawa ɗin, gaskiya yana da abin yabo kuma ba zan ci amanarsa ba. Idan za a yi sabon polista sai an haƙo mai, an tace, an fitar da sinadarai biyu an haɗa su a zafi mai tsanani kafin a samu robar. Shi kuwa wancan, an riga an sha wannan wahalar tun lokacin da aka yi gorar, abin da ya rage a tara goruna, a ware su, a cire murfi da takardar jiki, a wanke, a niƙa su zama ɓarɓashi, a narka, a ja zare. Dole makamashin da za a ƙona ya ragu, hayaƙin ma haka. Nawa yake raguwa shi ne inda ake ta ja-in-ja. Wani bincike da aka yi a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2010 ya samu cewa ragin hayaƙi mai ɗumama yanayi yana iya zama kashi 25 cikin 100 yana kuma iya kaiwa 75, ya danganta da hanyar sarrafawar da kuma yadda mai lissafin ya raba laifin tsakanin gorar da rigar. Wato idan ka ce gora shara ce da ta faɗo daga sama kyauta, ba ta da wani nauyi a kanta, sai ragin ya fito babba. Idan ka ce a'a, rigar ma ta ɗauki kasonta na man da aka haƙo tun farko, sai ya tsuke. Kamfanoni kuma kun san wane lissafin za su zaɓa su buga a talla.

Abin ba sabo ba ne ma. Kamfanin Patagonia na Amurka ya fara yin rigar sanyi da gorunan lemo tun 1993, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu jesin da Nike ya yi wa ƙasashensa da goruna aka yi su, har gora takwas a jesi ɗaya. A lokacin abin burgewa ne sosai, kowa na cewa kai, ashe shara za ta iya zama sutura. Shekaru sama da talatin ke nan da fara abin, ya kamata a ce an wuce wurin mamaki an koma tambayar me ya canza.

Ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk polistan da ake cewa an sake sarrafawa, kashi 98 ko 99 cikin 100, daga goruna yake fitowa. Ba tsohuwar riga ce ta zama sabuwar riga ba, kwata-kwata. Ita kuwa gora, musamman fara tas wadda ba a sa mata launi ba, tana cikin robobin da suka fi sauƙin komawa abin da suke, a niƙa ta a sake yin wata gorar, wannan ma a sha a jefar a sake niƙawa, tana iya zagayawa sau da yawa idan akwai tsarin tarawa mai kyau. A Jamus kana biyan santi 25 na yuro a kan kowace gorar da aka yi don amfani sau ɗaya, idan ka mayar a injin kanti a dawo maka da kuɗinka, a can da Norwe sama da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa. Amma daga ranar da gorar ta zama zare aka rina ta aka gauraya ta da auduga ko da robar nan mai miƙewa da ake sa wa wandon motsa jiki, aka ɗinka mata zif da maɓalli aka manna mata rubutu a ƙirji, shi ke nan ta fita daga zagayen, ba mai iya maida ta gora kuma ba mai maida ta riga, sai bola ko wuta. Gidauniyar Ellen MacArthur ta faɗa a rahotonta na 2017 cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kayan da ake yin tufafi da su ne ke komawa su zama sababbin tufafi. Kibiyoyi ukun nan da ke bin juna a jikin takardar suna nuna zagaye, alhali hanyar miƙaƙƙiya ce, gora, riga, juji.

Kuma gorar da masu yadi suka ɗauke ai gurbinta ba ya zama haka nan, mai lemo zai cike shi da sabuwar roba daga ɗanyen mai. Ana tufka ana warwara ke nan. Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 cewa daga 2025 gorunan PET na abin sha su ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na robar da aka sake sarrafawa, zuwa 2030 kuma kashi 30, sai ga masu lemo da ruwa suna kuka cewa masu tufafi na wawushe musu goruna, har suna neman a ba su damar fara saya kafin kowa tunda su ne suka biya kuɗin tarawa. Ban cika tausaya wa kamfanonin lemo ba, su ne fa suka cika duniya da gorunan tun farko, amma a wannan maganar suna da gaskiya. Ita kanta hukumar Tarayyar Turai a takardar manufofinta kan tufafi ta 2022 ta nuna damuwa da wannan talla ta goruna, ta ce an fi so a ga zare ya koma zare.

Na san abin da wani zai ce, kuma ina ganin ƙarfin maganarsa. Ba ko'ina ne Jamus ba. A yawancin duniya gorar da ba a tsince ta ba kwata za ta faɗa ta toshe magudanar ruwa, ko a cinna mata wuta mutane su shaƙi hayaƙin, ko ruwan sama ya kai ta kogi daga nan teku. Wani lissafi da masana suka fitar a 2017 ya nuna cikin duk sharar robar da ɗan Adam ya taɓa yi kusan kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. A irin wannan wuri, idan masaƙa ce kaɗai mai sayen gora, ita ce ta sa gorar ta yi daraja har wani ya sunkuya ya ɗauka, kuma mutane miliyoyi ne a faɗin duniya suke ciyar da iyalinsu da tsintar nan. Ba zan zauna a inuwa in ce a hana ba. Da gora ta ruɓe a kwata, ba ma ruɓewa take ba ai, gara ta yi shekara biyar a jikin mutum tana riga. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda na tsaya shi ne, a kira abin da sunansa, jinkirta zuwa juji ne aka yi, kuma a inda gora za ta iya komawa gora a bar ta ta koma.

Sai maganar wanki, wadda ita takardar ba ta taɓa kawowa. Duk lokacin da aka wanke yadin roba ƙananan zarurruka suna kakkaryewa su bi ruwan, ƙanana ne ƙwarai har ido ba ya ganin mafi yawansu. Masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila sun auna a 2016, suka ga wankin kilo 6 na polista a inji yana iya sakin zare kusan dubu 500 a zubi ɗaya. Ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta ƙiyasta a 2017 cewa wajen kashi 35 cikin 100 na ƙananan robobin da ke shiga teku tun suna ƙanana daga wankin tufafi suke. An same su a cikin kifi, a ruwan sha, a ƙanƙarar can kusa da ƙarshen duniya, a ƙurar ɗaki. Kifi ba ruwansa da ko zaren daga gora ya fito ko daga rijiyar mai, abu ɗaya ne ya haɗiye. Wasu gwaje-gwajen ma sun samu wanda aka sake sarrafawa ya fi zubar da zare saboda narkawa sau biyu tana raunana shi, wasu kuma sun ce bambancin ba shi da yawa, yanayin saƙar ne ya fi tasiri. Ko wanne ka ɗauka dai ba wanda ya ce ya daina zubarwa. Abin da yake ba ni takaici shi ne, gora a dunƙule take, abu ɗaya ce da hannu zai iya ɗauka, mu kuma muka maida ta zare miliyoyi da ba mai iya tsincewa. Faransa ta sa a dokarta ta 2020 cewa sababbin injinan wanki su zo da matatar kama zaren, to amma wanda ke wanki da hannu a bokiti fa, ko garin da ruwan wanki ke tafiya kai tsaye rafi ba tare da ya bi wata matata ba?

Wani abin kuma, zare ai mataki ɗaya ne a cikin tafiyar riga. Bayan an ja shi sai an saƙa, a wanke, a rina, a busar, a goge, kuma rinin polista da ruwa mai tsananin zafi ake yi, sama da digiri 100 cikin tukunya mai matsi, a masana'antun da yawancinsu ke ƙasashen Asiya inda wutar lantarki da tururin duk da kwal ake samar da su. Wannan sashen yana cikin waɗanda suka fi cin makamashi a rayuwar riga gaba ɗaya, kuma bai canza da komai ba don an sa gora a farko. Saboda haka in an ce zaren ya rage hayaƙi da rabi, rigar da ke hannunka ba ta rage da rabi ba, ta rage da wani ɗan yanki ne na wani yanki.

Alƙaluman da suka gama kashe mini jiki su ne na 2022 da 2023. A cikin shekara ɗayan nan polistan duniya ya tashi daga tan miliyan 63 zuwa 71. Wanda aka sake sarrafawa ya ɗan ƙaru, ya kai kusan tan miliyan 9, amma kasonsa ya sauka daga kashi 13.6 zuwa 12.5 cikin 100. Ma'ana ƙarin sabon polista na shekara guda tak ya kusa kamo duk wanda aka sake sarrafawa a duniya baki ɗaya, wanda aka shafe shekara talatin ana ginawa. Duk alƙawuran da manyan kamfanoni suka yi, duk korayen takardun, ga sakamakon. Tsakanin 2000 da 2015 yawan tufafin da ake yi a duniya ya ninka biyu, yawan sa riga kafin a yar kuma ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Kamfanin da ke fitar da sabon yayi kowane mako ya sa gora a kashi goma na kayansa ya ninka abin da yake sayarwa, sannan ya fito yana cewa shi abokin muhalli ne, haba, an gudu ba a tsira ba. Ni a ganina babban aikin da koriyar takardar nan take yi shi ne cire wa mai saye kunyar sayen riga ta biyar da ba ya buƙata.

Hukumomi ma sun fara gajiya. A 2022 hukumar kare masu saye ta Norwe ta ce alƙaluman ma'aunin Higg da kamfanonin tufafi ke dogara da su wajen cewa kayansu sun fi kyau ga muhalli suna iya yaudarar jama'a idan aka sa su a talla, har ta gargaɗi kamfanin H&M. A Birtaniya kuma hukumar kula da gasa a kasuwanci ta binciki masu sayar da tufafi ASOS da Boohoo da George na Asda, a 2024 suka sa hannu cewa za su riƙa faɗin ainihin kason da aka sake sarrafawa a fili maimakon kalmomi masu daɗin ji da ba su da ma'auni. Kuma tunda sinadarin iri ɗaya ne, ba yadda za a yi ka taɓa yadi ka gane wanne ne, takardun shaida kawai ake bi daga mai niƙa gora zuwa mai ɗinki, kai da ni sai dai mu yarda.

Kar wani ya ɗauka ina cewa a koma auduga a huta. Auduga na shan ruwa da maganin ƙwari ba kaɗan ba, tafkin Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan mafi yawansa ya ƙafe ne saboda an karkatar da kogunan da ke zuba cikinsa zuwa gonakin auduga. Kuma akwai inda polista ya fi komai dacewa, rigar ruwa, kayan wasanni, jakar goyo, kayan aikin da ake so su jure wanki ɗari. Rigar polista mai kyau da mutum zai sa shekara goma ta fi ta auduga da za a yar bayan wata uku, sabon zare ne ko tsoho.

Inda nake da ɗan fata shi ne masu ƙoƙarin warware riga ta koma sinadaranta na asali, a tace rini da datti a sake haɗa ta kamar sabuwa. Kamfanin Teijin na Japan ya fara irin wannan da Patagonia tun 2005, Eastman ya buɗe babbar masana'anta a Kingsport ta jihar Tennessee a Amurka a 2024, Carbios a Faransa kuma yana amfani da wani sinadarin halitta da ke cinye robar ya warware ta. Wannan ne zai sa kibiyoyi ukun su zama gaskiya. Amma yana cin makamashi fiye da niƙa gora, yana da tsada, kuma muddin ɗanyen mai na araha sabon polista zai ci gaba da kayar da shi a kasuwa, sai dai in doka ta shigo ta ce wanda ya yi riga shi zai biya kuɗin tara ta da warware ta. Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tara tsofaffin tufafi daban daga Janairun 2025, to tarawa ɗaya ne, abin da za a yi da su bayan nan shi ne aikin. In ba haka ba za su ci gaba da bin jirgin ruwa da sunan gwanjo, su ƙare a hamadar Atacama ta Chile inda tsibin tufafi ya kai har tauraron ɗan Adam na hango shi, ko a bakin tekun Accra inda ragowar kasuwar gwanjo ta Kantamanto ke nannaɗewa a cikin yashi. A cikin tsibin nan babu shakka akwai riguna masu koriyar takarda.

Ni yanzu idan riguna biyu ne a gabana iri ɗaya, inganci ɗaya, kuma lallai ina buƙata, zan ɗauki ta gorar, da babu gara ba daɗi. Amma na daina ɗaukar takardar a matsayin dalilin saye. Ɗinkin nake dubawa, da kaurin yadin, da ko zare iri ɗaya ne ko an gauraya shi da abu uku da ba mai iya rabawa. Da za a tambaye ni me ya kamata a rubuta a takardar, zan ce a faɗi kashi nawa ne na rigar aka sake sarrafawa, daga gora ne ko daga tsohuwar riga, wanki nawa za ta jure, sannan a rubuta inda zan kai ta ranar da ta mutu da abin da za a yi da ita a can. Na ga takardun da suka faɗi na farko, na ga 'yan kaɗan da suka faɗi na biyu, na ƙarshen nan kam har yau ina jujjuya wuyan riguna ban ci karo da shi ba.